Motar da Ta Shanye Mini Ƙanƙara

Bazara ce, kuma azumi ya faɗo a tsakiyarta. Shekara ce da kowa a Jibiya yake tafiya a hankali kamar wanda ya tashi daga jinya. An cire tallafin mai tun kafin damina, aka zo aka rufe iyaka, manyan motoci suka yi layi a bakin hanya har ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu ta bushe. Maigidana, wanda tun aurenmu sana'arsa ɗaukar jarkokin fetur a babur zuwa wajen Maraɗi, ya koma zaman gida. Da safe ya goge babur, da yamma ya sake gogewa.

Abin da ya riƙe gidanmu a lokacin firizata ce. Saniyar da na gada wajen mahaifina a ƙauyenmu Kusa na sa aka sayar, na haɗa da awakina, aka sayo mini ita daga Katsina. Ta hannu ce amma lafiyayya, fara, mai murfi a sama. Ina ƙulla ruwa a leda in jera a ciki, in an kawo wuta ya daskare, da la'asar maigida ya ɗaure babbar kula a bayan babur ya kai bakin tasha. Da farko kunya yake ji, mutumin da ya saba ratsa daji da jarkoki ya koma tallar ƙanƙara. Amma direbobin da suka maƙale a iyaka ba sa barin ko ɗaya ta kwana, kuma da ita muke cin tuwo, sai kunyar ta wuce. Kullum mai karɓar haraji yana yaga masa 'yar takarda saboda wurin da yake tsayawa. Ni nake tsinto su a aljihunsa ranar wanki, sun jiƙe sun manne.

Gidanmu gidan gado ne da aka raba da katanga. Mu muna ɓangare ɗaya, wan maigidana yana ɗaya ɓangaren, wanda duk muke ce wa Yaya Alhaji. Dillalin hatsi ne, ya san mutane a Katsina. Wayar wuta guda ce ta shigo daga turke ta rabu biyu, tun zamanin mahaifinsu haka take, ba wanda ya taɓa tunanin a canza. Tsakanina da Yaya Alhaji kuwa sai gaisuwa daga nesa, a durƙushe, ido a ƙasa, yadda ake yi da wan miji. In ina da magana da shi, ta bakin maigida za ta bi ko ta bakin matarsa Hajiya, facalata.

Tun da na fara ƙanƙara, duk azumi ina cika wata 'yar kula shuɗiya maigida ya kai zauren Yaya Alhaji, inda dattawan unguwa suke taruwa shan ruwa. Ba wanda ya ɗora mini, matar ƙane haka take yi. Kular kuma ba ta dawowa wayam, sai da dabino ko ƙosai a ciki, don ba a mayar da kwano fanko.

Ana gab da ganin watan azumi motar Yaya Alhaji ta iso. Ban ji zuwanta ba, ba wanda ya ji, don ba ta da ƙara. Sai hayaniyar mutane na ji a ƙofar gida. Da na leƙa ta tsakanin ƙyaure na ga wata doguwar mota ruwan toka tana sulalowa shiru kamar an turo ta. Maigida ya shigo ya ce mini mota ce mai baki biyu, ɗaya na fetur, ɗaya na wutar lantarki. In an cika ta da wuta sai ta yi yawon gari ba ta taɓa mai ba. Ya ce akwai wani shiri da aka fito da shi bayan cire tallafin mai, wanda duk zai sayi irin wannan mota gwamnati ta biya masa wani kaso daga kuɗin haraji, don a rage dogara da fetur. Yaya Alhaji ya samu shiga. Na ce Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya, kuma har zuciyata na faɗa.

Ɗakin girkina bango ɗaya ne da zauren Yaya Alhaji, akwai 'yar taga a sama da hayaƙi yake fita. Ina suyar ƙosai ina jin duk abin da ake faɗa. Farkon azumin nan ba su da hira sai motar. Akwai wani tsohon malamin firamare, shi yana bayanta ƙwarai. Ya ce fetur abu ne mai ƙarewa, kuma duk wanda ya tsaya a tasha ya shaƙi hayaƙin manyan motoci ya san ba za a dawwama a haka ba, dole wani ya fara, kuma ba wanda zai fara in ba a taimaka masa ba. Ni kaina na ga gaskiyarsa, don autata duk sanda iska ta kaɗo hayaƙin nan sai ta kwana tari. Akwai kuma wani tsohon direba mai murya kamar an ja buhu a ƙasa, abokin wasan Yaya Alhaji tun suna yara. Shi cewa ya yi an cire tallafi daga tankin mai babur an zuba a tankin mai mota, shi ke nan abin da aka yi. Ya ce wanda zai iya biyan ragowar kuɗin mota ai ba mabuƙaci ba ne, kuma a garin da wuta take zuwa kamar baƙuwar kunya, wa ya ba da shawarar a kawo motar wuta.

"Hassada ce ke cinka," in ji Yaya Alhaji. "Kai da ka ƙare rayuwarka a akwalar da sai an tura."

"Akwalata ai da gumina na saye ta, Alhaji. Taka kuwa har da harajin mai tallar goro a ciki. In ka gan shi a hanya ka rage masa hanya, yana da taya ɗaya a motarka."

Aka yi dariya. Ni kuwa na tuna 'yan takardun nan da nake tsintowa a aljihu, na ce ashe ni ma ina da ko madubi ɗaya a jikinta. Raha na ɗauke shi a ranar.

Motar an zo da ita da wata wayarta mai kauri. Yaya Alhaji ya sa aka ƙara mata tsawo da wayar da muke jona fanka, aka naɗe mahaɗin da leda, aka cusa a soket ɗin zaure. A wurinsu caji caji ne, yadda ake jona wayar hannu haka za a jona mota, sai dai ita ta fi girma ta fi daɗewa. Ba wanda ya tambayi kowa.

Ranar farko da aka jona ta ina tsakar gida ina tankaɗe. An kawo wuta da hantsi, firiza ta tashi da ƙugin nan nata mai daɗi da nake jin sa kamar numfashin yaro mai barci. Can sai ƙwan fitilar da na manta a kunne ya koma ja kamar garwashi. Fanka ta rage gudu har ina iya bin fukafukanta da ido. Firiza ta yi wani nishi, ta tsaya, ta yi ƙoƙarin tashi, ta sake tsayawa. Da la'asar na buɗe na taɓa ledoji, ruwa ne mai ɗan sanyi, ko ɓawon ƙanƙara babu. Maigida ya tsaya da igiyar ɗaure kula a hannu, ya duba, ya mayar da igiyar ƙusa.

Wutar ba kullum take zuwa ba, in ta zo kuma ba ta daɗewa. Abin da na saba shi ne da ta zo firiza ta kwashi rabonta. Yanzu da ta zo sai in ji ana jan waya a bayan katanga. Ranar da Yaya Alhaji ya fita da motar muna samun ƙanƙara, ranar da yake gida ba ma samu. Na yi wa maigida magana a hankali, ya ce zai duba lokacin da ya dace. Lokacin bai zo ba. Na shiga wajen Hajiya da 'yar gaisuwata, na kewaya na kewaya na kawo maganar. Ta ce ita ma fankarta ba ta juyawa, yaranta duk ƙuraje sun feso musu a wuya, amma Alhaji ya ce motar ba ta shan komai, masu wuta ne suke kawo ta ba ƙarfi. Na ce to me ya sa sai an jona take rasa ƙarfin. Ta dubi ƙofa ta ce in sha Allah za ta gwada.

Daga baya maigida ya daure ya yi maganar. Da azahar ce, zauren ba kowa sai su biyu, ni kuma ina ɗakin girki ina gyaran wake. Na ji yadda ya fara, da doguwar gaisuwa da ba da haƙuri tun kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Abin da ya roƙa kaɗan ne, a bar wa firiza rabin lokacin wutar, motar ta ɗauki rabi, tunda ita tana iya tafiya da fetur. Yaya Alhaji ya ce in zai zuba mata fetur mene ne amfanin sayenta.

"Wutar nan ta gidan ubanmu ce, ba a rubuta sunan matar kowa a jikinta ba. Ƙanƙara kuma ai ruwa ce. In ba ta daskare ba a sha haka nan, wa ya mutu?"

Maigida ya shigo yana kakkaɓe hula, ya ce mini Yaya ya ce zai duba. Na ce to, Allah ya sa. Ban nuna masa na ji ba.

Na koma kashe firizar da hannuna duk sanda na ga fitila ta yi ja, in jira. Amma wata ranar Juma'a na tafi gaisuwar rasuwa a unguwar gaba, na bar ta a kunne don motar ba ta gida. Ashe Yaya Alhaji ya dawo da ita bayan fitata, aka jona. Tun daga zaure na ji ƙauri, irin na roba da ta taɓa murhu. Na sa hannu a bayan firiza na janye. Ba nishi, ba ƙugi, shiru kamar motar. Mai gyara ya zo washegari ya kwance ya shinshina, ya ce injin ya ƙone, wuta mara ƙarfi ce ta yi ta wahalar da shi yana son tashi yana kasawa har ya cinye kansa. Ya ce sai sabon inji, daga Katsina. Ya faɗi abin da zai ci, maigida ya raka shi ƙofa bai dawo da wuri ba.

Ban yi kuka ba. Mutane suna cewa ina da haƙuri, tun ina yarinya ake faɗa, har malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci takan ce ni kaɗai ce in na ɓata harafi nake gogewa ba tsaki. Ban san ko haƙuri ba ne ko dai maganata ce ba ta saurin fitowa. Abin da na sani, a kwanakin nan abin da yake cikin ƙirjina bai yi kama da haƙuri ba. Ina wanke shinkafa ina ganin kaina ina ɗura ruwan a bakin wutar motar. Ina daka ina tunanin ƙusa da taya. Na yi tunanin gishiri, na yi tunanin yashi. In na ɗaga hannu bayan sallah sai in ji tsoron abin da bakina zai roƙa a wata mai alfarma, in tsaya a Allah ka isar mini, in shafa. Duk abin da na yi wa motar a ɓoye kan maigida zai faɗo, kuma ba motar ce ta yi maganar nan ba. Ni so nake mai maganar ya ji a jikinsa, a gaban mutanen da yake jin kunya.

Maigida ya koma dako a tasha, yana sauke buhunan masara da azumi a baki. Ran farko da ya dawo na ga rigarsa ta manne a kafaɗa, da na taimaka masa cirewa sai fata ta biyo. Na shafa masa man kaɗanya. Yadin sallar yara da na yi niyya na daina zancensa, su ma suka daina tambaya.

Firizar tana nan cike da ledojin da na ƙulla ranar Juma'ar, ba wanda ya taɓa su. Washegarin zuwan mai gyara na ɗauko 'yar kula shuɗiya na wanke ta tas, na farke ledoji na juye a ciki, na ajiye ta a buɗe inda rana take dukan bango tun azahar. Da aka kusa kiran sallah na rufe na miƙa wa maigida. Ya ɗaga ya ji abu yana kaɗawa.

"Mi ke ciki?"

"Abin da firiza ta bayar, Malam. A kai wa Yaya, kada a ce mun yanke."

Ya daɗe yana dubana. Ina jin a ranar ya gane na ji maganar zaure. Ya ɗauka ya fita.

Na tsaya a ƙarƙashin taga da ludayi a hannu. Aka yi kira, aka ci dabino, na ji ƙarar murfin kula, na ji an tsiyaya a kofi. Can tsohon direban ya ce a miƙo masa ganyen shayi, tunda an riga an dafa ruwan. Dariya ta tashi, wasu suna ƙoƙarin dannewa. Malamin firamare ya tambayi abin da ya faru, maigida ya ce firiza ce ta ƙone, ba wanda kuma ya tambayi dalili don kowa yana ganin wayar da ta ratsa ta gefen tabarmarsu. Kular ta dawo da dabino a ciki. Dole ta dawo da shi, al'adar da ta ɗaure ni ita ta ɗaure su. Na raba wa yara, na ci ɗaya, ya yi mini zaƙi ƙwarai.

Haka na riƙa yi kullum. Yaya Alhaji ya koma aikawa tasha a sayo ƙanƙara, amma duk da haka sai direban ya ce shi ba zai sha komai ba sai an buɗe kular matar ƙane, don a ga ko yau an samu ci gaba. Hirar tallafi ta sake sabon salo. Malamin da yake bayan shirin ya fara cewa shi har yanzu yana kan bakansa, amma da wuta ya kamata a fara tallafawa kafin mota. Yaya Alhaji ya rage magana a zaurensa. Ya aiko Hajiya ta ce mini an gode, a huta da kawo kula. Na ce ta ba shi haƙuri, ni ba zan iya yanke zumunci a cikin azumi ba, in na daina mutane za su ce fushi na yi. Hajiya ta rufe baki da gefen mayafi, ban sani ba ko tari ne.

Ban ce hankalina ya kwanta ba. Ruwan ɗumi ba ya gyara inji. Kullum in na wuce firizar sai in ɗora hannu a murfinta, kuma kafaɗar maigida ba ta warkewa don kullum ana fama ta. Motar tana ci gaba da shan wutarta, har an yi mata rumfar kwano a gefen zaure don kada ta sha rana, an ja mata soket a jikin bango.

A goman ƙarshe aka ce masu shirin za su zo daga Katsina da mai ɗaukar hoto, su nuna yadda motar wuta ta kai har bakin iyaka, kuma a gidan Yaya Alhaji za su sha ruwa. Tun safe ake wanke motar, aka yayyafa ruwa a ƙofar gida, aka shimfiɗa darduma. Ni ma na wanke kulata na sa a rana. Maigida ya dawo da wuri ya gan ta a jikin bango, ya zauna a kan turmi.

"Yau dai ki yi haƙuri, uwar yara. Baƙi ne."

"Tun farkon azumi shi nake yi."

Ya ce shi dai ba zai ɗauka ba, wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce gaskiyarsa, ban kuma ga laifinsa ba. Na shiga ɗaki na sa babban hijabina na zuwa biki, na ɗauki kular da kaina. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa taka bakin zauren nan da maza a ciki ba.

Na yi sallama na durƙusa daga bakin ƙofa, na tura kular ciki, na gaishe su ido a ƙasa. Ana cikin kiran sallah. Ƙanƙarar da aka sayo ba ta isa ba, baƙin sun fi yadda aka zata, kuma sun sha rana wajen hoto. Babbansu, wani mai gilashi da farar babbar riga, da ya ga kula sai ya dube ni ya ce madalla da Hajiya, ya jawo ta da kansa. Na ji Yaya Alhaji yana cewa a bar wannan, ga wani can. Amma ya riga ya tsiyaya ya kai baki. Ya sauke kofin a hankali. Mutumin kirki ne, bai tofar ba. Ya tambaya cikin ladabi ko an yi kuskuren kula ne.

Na ce, "Ba kuskure, ranka ya daɗe. Ƙanƙara ya kamata ya zama. Wutar da za ta daskarar da shi tana cikin motar da kuka ɗauka hoto."

Muryata ba ta da ƙarfi, amma kowa a zauren ya ji. Tsohon direban ne ya ɗauka daga nan, ya ba da labari tun daga wayar fanka da leda har zuwa kafaɗar maigidana, ba tare da raha ba a wannan karon. Baƙon ya ce motar ai ba a jona ta a wayar gida, layinta daban ake ja mata, kuma an faɗa wa duk wanda ya karɓa. Malamin firamare ya tambaye shi layi daga ina, a garin da babu wutar. Baƙon ya ce ana kan aikin. Direban ya ce to a bar motocin su ma a kan aikin mana. Wani cikin baƙin ya fara bayanin hayaƙi da lafiyar yara, abin da ya faɗa gaskiya ne, sai dai ba wanda yake saurare, kowa Yaya Alhaji yake kallo.

Shi kuwa ya gyara zama ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce ai wannan maganar an riga an gama ta, mata ne da gaggawa. Gobe-goben nan mai gyara zai zo nan gidansa da sabon inji, shi zai ɗauki nauyi, kuma motar ba za ta ƙara taɓa wutar gida ba sai an ja mata nata layin. Baƙon ya ce madalla, haka ake son manya. Dattawa suka ce sun shaida. Na ce na gode, Allah ya ƙara girma, na tashi da baya na fita.

Da maigida ya dawo daga asham bai zauna ba. Ya ce Yaya ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce maganar da aka yi ta baƙi ce, ta tafi da baƙi, kuma ya ja wa matarsa kunne ta san matsayinta a gidan. Ya faɗa mini yana kallon ƙasa. Na zuba masa kunu na ce ya sha kada ya huce.

Da gari ya waye Yaya Alhaji ya fita da motar raka baƙi hanyar Katsina. Na kwashe sauran ledojin daga firiza, na wanke ta ciki da waje da sabulu, na goge har tana ɗaukar ido, na naɗe wayarta na ɗaure. Na ce wa maigida ya kira mini abokan dakonsa. Ya tambayi ina za a kai ta. Na ce Yaya ya faɗa a gaban dattawa cewa gidansa mai gyara zai zo, bai kamata bawan Allah ya zo ya tarar ba abin gyarawa ba. Ya tsaya yana murza hularsa. Sa'annan ya fita ya dawo da mutum biyu, ya ninka tsumma ya ɗora a kafaɗar da ba ta da ciwo, ya kama gefe ɗaya da kansa.

Na bi su a baya har rumfar motar. Na nuna musu tsakiya, daidai inda tayoyi suka yi sawu, na ce a matsa da ita ta jingina da bango ta rufe soket ɗin. Dattawan suna zaune a gindin dalbejiya suna kallo, direban ya tashi ya kawo duwatsu aka sa mata a ƙasa don kada ta yi tsatsa, ya ce wa ya san tsawon zaman da za ta yi. Hajiya ta leƙo daga soro, ta koma, ta dawo da tsohon zane ta miƙo mini. Na lulluɓe firizar, na sa kwaɗo a murfin, na ƙulle makullin a bakin zanena. Na durƙusa na gaida dattawa da kwana, na koma gida na jiƙa gero.